Yadda ake haɗa ɗaliban sassa daban-daban su yi aiki da mutanen gari

Abin da aka saba gani a jami'o'inmu shi ne ɗalibin ajin ƙarshe ya buga takardar tambayoyi, ya shiga ƙauye kwana biyu, ya dawo ya rubuta kundi, a ba shi maki. Kundin ya hau kanta, mutanen ƙauyen kuma ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Aikin da za a yi bayaninsa a nan daban ne. Ana haɗa ɗalibai daga sassa huɗu ko biyar su zama tawaga guda, su ɗauki matsala ɗaya da mutanen gari suka faɗa da bakinsu, su yi aiki a kanta tare da su. Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a arewacin Ghana, wadda aka kafa a 1992, ta ware zango na uku na shekarar karatu domin ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban su je karkara su zauna na makonni. Jami'ar Purdue ta Amurka kuma ta fara shirin EPICS a 1995, inda tawagar ɗalibai ke riƙe ƙungiyar gari ɗaya shekara da shekaru, masu kammalawa na fita, sababbi na shigowa.

Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe: ƙauyen da famfon tuƙa-tuƙansa ya mutu, ko yake ba da ruwa da ƙyar. Tsarin zai yi aiki ga ajiyar hatsi ko kwashe shara ko shan maganin rigakafi. Tambayar da za a fara amsawa kafin komai ita ce: ranar da ɗalibai suka tattara kayansu, wa zai riƙe abin, kuma da wane kuɗi? Duk matakan da ke ƙasa daga amsar wannan suke fitowa.

Zaɓen gari da shiga cikinsa

Malamin da zai jagoranci aikin shi zai fara, wata biyu ko uku kafin a buɗe zango, ba tare da ɗalibai ba. A zaɓi garin da bai wuce tafiyar awa ɗaya da rabi daga makaranta ba, yadda za a je a dawo kafin magariba, kuma a tambayi jami'an tsaro da ƙaramar hukuma halin da hanyar take ciki. A nemi abokin aiki da yake da suna da shugabanni: ƙungiyar ci gaban gari, kwamitin ruwa da tsafta, ko ƙungiyar mata masu adashe. A leƙa hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, wato RUWASSA, da sashen ruwa na ƙaramar hukuma, domin a nemi takardun rijiyar: yaushe aka haƙa, zurfinta nawa, wane irin famfo aka sa. Sau da yawa takardun ba sa samuwa, amma zuwan kansa yana da amfani, saboda su za a koma wa in gyara ya fi ƙarfin gari.

A auna girman matsalar da gaskiya. Haƙa sabuwar rijiyar burtsatse ba aikin ɗalibai ba ne. Gano abin da ya kashe famfo, gyara shi, gwada ruwansa, da kafa hanyar tara kuɗin gyara, wannan zai yiwu a zango biyu.

Shiga gari yana da tsani. Takarda daga jami'a zuwa ƙaramar hukuma da hakimi, hakimi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni da liman. Zuwan farko na gaisuwa ne kawai, kada a fito da takardar tambayoyi ko na'urar ɗaukar hoto. Jagora ya faɗi magana a sarari, kamar haka: "Ranka ya daɗe, mu malamai ne da ɗalibanmu. Ba gwamnati ce ta aiko mu ba, kuma ba mu zo da kuɗin rabawa ba. Abin da za mu iya shi ne mu duba famfon nan tare da mutanenka, mu gwada ruwansa, mu taya ku tsara yadda ba zai sake kwanciya ba." Wannan bayani dole ne, domin motar makaranta mai tambari da baƙi masu littattafai suna sa mutane su ɗauka tallafi ya zo. Kuma a ja kunnen ɗalibai a kan kalmar "za mu duba". Ɗalibi zai faɗe ta don ya rabu da mai roƙo, a gari kuma a rubuta ta a matsayin alkawari.

A lura da wanda ya fara tarbarku da fara'a. Yana iya zama mutumin kirki, yana kuma iya zama ɓangare ɗaya a rikicin da ba ku sani ba, misali a kan filin da famfon yake ko wanda ya cinye kuɗin gyaran baya. Kada a sauka kullum a zauren mutum ɗaya.

Haɗa tawaga

Mutum shida zuwa takwas sun isa. In sun haura haka, biyu ko uku za su ɓuya a bayan sauran. A misalinmu ana bukatar ɗalibin injiniya ɗaya ko biyu domin famfo da daɓensa, ɗaya daga sashen nazarin ƙananan halittu ko kiwon lafiyar al'umma domin gwajin ruwa, ɗaya daga nazarin zamantakewa domin sanin wa ke ɗiban ruwa da wa ke yanke shawara, ɗaya daga lissafin kuɗi ko tattalin arziki, sai ɗaya daga aikin jarida ko sashen Hausa domin mayar da sakamako cikin maganar da kowa zai gane.

Mata su kai biyu ko uku a ƙalla. Wannan ba ado ba ne. A gidajen da ba a shiga, ɗalibi namiji a zaure zai tsaya, alhali randa da tulu da moɗa suna ciki, kuma matan gida su suka san ranar da ruwan ya fara canja launi. Rabin tawagar su iya Hausa sosai, in kuma akwai rugage da ke sha a famfon, a nemi mai jin Fulatanci. Sai a ƙara mutum biyu daga garin, mace da namiji, a matsayin cikakkun 'yan tawaga: a biya su ladan yinin da suka bar sana'arsu, a sa sunayensu a rahoto in sun yarda.

Kowane sashe ya ba da malami mai duba ɗalibinsa, amma jagora ɗaya ne. Inda aka fi faɗuwa a irin wannan aiki shi ne kowane ɗalibi ya je ya yi binciken sashensa, a ƙarshe a ɗinke babi biyar da ba su san juna ba. Maganinsa a rubuta tambaya ɗaya da kowa zai amsa, misali: me zai sa famfon nan ya ci gaba da ba da ruwa mai tsafta shekara uku masu zuwa? Sannan a ɗaura aikin kowa a wuyan wani. Mai lissafi ba zai iya tsayar da kuɗin da kowane gida zai biya ba sai injiniya ya ba shi jerin kayan da ke lalacewa a shekara. Injiniya ba zai san saurin lalacewarsu ba sai mai nazarin zamantakewa ya ƙirga masu ɗiba. Mai gwajin ruwa ba zai san gidajen da zai ɗauki samfur ba sai an zana taswirar gari.

Takardu

Kafin a taka ƙafa, kowane shugaban sashe ya sa hannu cewa wannan aiki zai tsaya a matsayin kundin ɗalibinsa ko wani kwas mai maki. In ba haka ba, a tsakiyar zango wani sashe zai ce bai san zancen ba, ɗalibi ya janye. A kai tsarin aikin gaban kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ko na asibitin koyarwa, kamar yadda ƙa'idar binciken lafiya ta Nijeriya ta 2007 ta tanada, kuma a ba wannan mataki makonni, ba ya fita da wuri. Sunaye da lambobin wayar mutane suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, saboda haka a ba kowane gida lamba, a ɓoye jerin sunayen a wurin jagora kaɗai. Neman izini a yi shi da Hausa, a karanta wa mutum, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A guji duk abin da ya shafi ɗibar jini ko ba da magani. Mutanen arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma tsoron da ya bari yana da dalili.

Yarjejeniya da gari kada ta wuce shafi ɗaya. A rubuta abin da jami'a za ta kawo, abin da gari zai kawo (yashi, tsakuwa, ƙwadago, masauki), wa ya mallaki kayan aiki bayan an gama, ranar da za a dawo da sakamako, da lambar wanda za a kira in ɗalibi ya yi ba daidai ba. A karanta ta a bainar jama'a. In dattawan garin sun fi sakewa da ajami, a rubuta kwafi da shi.

Kalanda biyu

Jami'a tana da kalandarta, gari yana da tasa, kuma ta gari ce ke cin nasara. Daga faɗuwar damina zuwa kaka maza suna gona tun asuba. Ranar kasuwa ba a samun kowa, Juma'a rabin yini ce, da azumi kuma ba a kiran taro da rana. A zana duka a takarda ɗaya kafin a sa ranakun fita. A sa yajin aiki cikin lissafi, tunda na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 ya kai wata takwas. Saboda haka doka ce: kada a buɗe famfo sai an tabbata za a rufe shi a ranar, da kayan gyara a hannu.

Zango biyu yana da wata fa'ida. Ruwan ƙasa yana kai wa ƙarshen saukarsa a ƙarshen rani, wajen Afrilu da Mayu, shi ne lokacin sanin ko rijiyar tana ƙafewa. Ƙwayoyin cuta kuma sun fi shiga ruwa da damina. Wanda ya gwada sau ɗaya rabin labari ya ji.

Aikin fili

A fara da gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko gwajin yoyo: a tuƙa har ruwa ya fito, a bar famfon minti 30, sannan a ƙirga tuƙi nawa za a yi kafin ruwa ya sake fitowa. In ya wuce biyar, ruwa yana zurarewa, ko ta bawul ɗin ƙasa ko ta mahaɗin bututu. Na biyu gwajin yawan ruwa: a yi cikakken tuƙi 40 cikin minti ɗaya, hannun famfo yana kai wa sama yana sauka ƙasa, a tara a bokiti mai awo. Famfo mai lafiya zai ba da kusan lita 15. In bai kai 10 ba, robar cikin silinda, wato abin da ke turo ruwa daga ƙasan rijiya, ta cinye. A yi gwajin a gaban 'yan kwamitin ruwa na gari, a bar su su maimaita da hannunsu, domin su za su riƙa yinsa duk wata.

A gane irin famfon. India Mark II yakan zo da bututun ƙarfe mai tsawon mita uku-uku, kuma kafin a kai ga silinda sai an zaro su duka ɗaya bayan ɗaya, cike da ruwa. Aiki ne mai nauyi da ke bukatar maƙalai na musamman da mutum uku ko huɗu, kuma in bututu ya suɓuce ya faɗa rijiya, ƙaramin gyara ya zama babba. Afridev yana da bututun roba, ana zaro sandunan da robar da bawul ba tare da an taɓa bututun ba, shi ya sa mutanen gari ke iya gyara shi da kansu. Ko wanne ne, makaniken yankin shi zai ja gaba, ɗalibai su taya shi su rubuta. In an tsallake shi aka gyara kyauta, an kashe masa kasuwa, kuma shi za a nema bayan an tafi. A saman famfo a duba sarƙa in yana da ita, boris, notuna da giris. A ƙasa a duba daɓen siminti ko ya tsage, magudana ko ta toshe, da masai mafi kusa, wanda bai kamata ya gaza mita 30 daga rijiyar ba. Bayan duk gyaran da aka buɗe rijiya, a zuba kulorin, a bar shi ya kwana, a tuƙa har warinsa ya tafi kafin a sha.

Gwajin ruwa yana da nasa ladabi. Kwalba ta zama wadda aka kashe wa ƙwayoyi a ɗakin gwaji, a tuƙa na 'yan mintoci kafin a tara, kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfi, a sa ta a kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa shida, kada dai ta wuce awa 24. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna najasa ta shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, ma'aunin tsami na pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, sinadarin nitrate kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kuma 0.01. In pH ya yi ƙasa da 6.5, ruwan yana cin bututun ƙarfe, shi ne ake ganin ruwa yana fitowa ja da safe da ɗanɗanon tsatsa, kuma canja roba ba zai magance wannan ba, sai an sauya bututun. A yankin da ake haƙar ma'adinai a nemi gwajin dalma ko da zai ƙara kuɗi, ganin abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

Kada a tsaya a bakin famfo. A ɗauki samfur daga jarkar mai garuwa, daga randar gida, daga moɗar da ake sha. Sau da yawa ruwan yana fita da tsafta, ya ɓaci a hanya: jarka mai gansakuka a ciki, randa marar murfi, moɗa da ake ajiyewa a ƙasa yaro ya ɗauka ya tsoma. In haka sakamakon ya nuna, rabin maganin yana hannun ɗalibai mata da matan gida, ba a hannun injiniya ba.

Mai nazarin zamantakewa ya zauna kusa da famfo yini biyu, ɗaya na kasuwa ɗaya na yau da kullum, daga asuba zuwa isha, yana ƙirga jarkoki da wanda ya ɗiba da tsawon layi. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne mutum 500 ga famfo ɗaya. In masu sha sun ninka haka, famfon zai riƙa mutuwa ko wa ya gyara shi, kuma wannan magana ce da za a kai wa hukuma a rubuce.

Kuɗin gyara

Yawancin famfunan da suka mutu ƙaramin abu ne ya kashe su, sai dai ba a sami mai fitar da kuɗinsa ba. Ɗalibin lissafi ya je kasuwa da kansa ya tambayo farashin kowane kaya, ya rubuta shagon da ake samunsa da kuɗin motar zuwa. Ya haɗa kayan shekara, ladan makanike, da ajiyar babban gyara. A ce jimillar ta kama naira 180,000 kuma gidaje 60 ne ke sha: kowane gida naira 3,000 a shekara, wato 250 a wata. Wannan misalin lissafi ne kawai, farashin gaskiya kasuwa ce za ta faɗa.

Yadda za a biya kuwa, gari ne zai zaɓa. Wasu sun fi son kowace jarka da kuɗinta, wasu duk wata, manoma da yawa sun fi son a auna hatsi da kaka a sayar. 'Yan garuwa da ke ɗiba don sayarwa a yi musu nasu farashi. Wa za a yafe wa, kamar tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, su ma mutanen gari ne za su faɗa. Abin da ɗalibai za su dage a kai uku ne: kuɗi kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya, fitar da shi sai da hannu biyu, kuma a karanta littafin shiga da fita a gaban jama'a duk wata uku. A kasafin tawagar kanta a ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ba-zata, kuma a sani sufuri ne zai fi cin kuɗi, ba kayan gyara ba.

Taron mako da maki

Tawaga ta zauna sau ɗaya a mako, awa ɗaya. Kowa ya faɗi abin da ya samu cikin minti biyar, da maganar da ɗan wani sashe zai gane. In mai gwajin ruwa bai iya fahimtar da ɗalibin lissafi ba, ba zai iya fahimtar da dagaci ba. A rubuta wa zai yi me zuwa yaushe, a ajiye duk bayanai a wuri ɗaya da kowa ke iya buɗewa, a kira wakilan gari ta waya a kowane zama na biyu.

Maki a raba shi tun farko kowa ya sani. Rabon da ke aiki shi ne kashi 40 ga abin da tawaga ta samar, 30 ga aikin ɗalibi a fanninsa da littafin filinsa, 15 daga abokan tawaga a asirce, 15 daga wakilan gari. Makin abokan tawaga a karɓe shi sau biyu, a tsakiya da ƙarshe, domin mai laɓewa ya sami damar gyarawa. Wakilan gari kada a ce su ba da lamba, kunya za ta sa su cika wa kowa. A tambaye su: ya zo ranar da ya ce zai zo? Ya saurara? Abin da ya koya muku kun iya yi yanzu? Kuma kada a ɗaura maki a kan dole famfo ya tashi. Tawagar da ta gano rijiyar ta ƙafe, ta faɗa da hujja, ta yi aikinta. In aka hukunta ta, tawaga ta gaba za ta ɓoye gaskiya.

Mayar da sakamako da miƙa aiki

Mugun sakamakon gwajin ruwa ba ya jiran ranar jarrabawa. Ranar da ya fito a sanar da dagaci da jami'in lafiya na yankin, a faɗa wa mutane su tafasa ko su sa kulorin. Sauran sakamako a kai shi taro biyu, na maza a ƙofar fada, na mata a gidan da suka zaɓa, ba tare da ambaton gidan kowa ba. A bar mutane su yi gyara, sau da yawa za su nuna unguwar da aka manta ko ƙirgen da bai yi daidai ba.

Ranar miƙa aiki a bar wa kwamiti sifanu da giris da robar canji guda biyu, takarda ɗaya mai hotuna da ke nuna gwajin yoyo da na yawan ruwa, lambar makanike da ta jami'in ƙaramar hukuma, da littafin kuɗi da an riga an fara rubutu a ciki. Kwafin rahoto da Hausa ya tafi wurin dagaci, na Turanci ya tafi RUWASSA. A jami'a a bar wa tawaga mai zuwa fayil mai ɗauke da taswira, sakamakon gwaji, farashin kaya, da jerin duk alkawarin da aka yi, wanda aka cika da wanda ba a cika ba. Jagora ya sa ranar komawa bayan wata uku da bayan wata shida a kasafi tun yanzu, domin in ba a ware kuɗin motar ba, ba za a je ba. A kowace komawa a sake gwajin tuƙi 40, a buɗe littafin kuɗi a ga ranar da aka yi rubutu na ƙarshe.